Tsakanin Ƙaranci da Yawa: Tarihin Awon Iskar Oksijin a Jinyar Masu Matsanancin Ciwo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti ya san irin kwanciyar hankalin da ke sauko wa dangi a daidai lokacin da aka gungaro tukunyar iska, aka sanya wa majinyaci takunkumi a fuska. A tunanin yawancin jama'a wannan iska alheri ce zalla, iyakar yawanta iyakar amfaninta, kuma in akwai abin tsoro game da ita, to bai wuce ta ƙare ba. Likitoci da dama ma a kan wannan tunani suka yi aiki shekara da shekaru. Sai dai kuma tarihi ya nuna cewa iskar oksijin magani ce kamar sauran magunguna. Tana da gwargwadon da take ceto, in an gaza shi majinyaci ya halaka, in kuwa an zarce shi ta koma dafi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana kiwon lafiya suka kai ga gane wannan gwargwado, tun daga gano iskar a ƙarni na 18 har ya zuwa manyan gwaje-gwajen da aka buga sakamakonsu a shekarar 2025. Za a ga cewa an yi hasarar idanu saboda yawanta, an yi hasarar rayuka saboda ƙarancinta, kuma tushen hasarar guda ne, watau ba da magani ba tare da auna abin da ya isa cikin jini ba.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Iskar da ɗan Adam ke shaƙa a sarari gauraye take. Kimanin kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kimanin kashi 78 kuwa naitirojin. Idan oksijin ta shiga huhu sai ta ratsa cikin jini, inda wani sinadari da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai suna himogulobin, yake ɗaukarta ya rarraba wa sassan jiki. A wannan maƙala an yi amfani da "ƙoshin jini" don nufin yawan himogulobin ɗin da ya ɗauki oksijin, a lissafin kashi cikin 100. Ƙoshin jinin lafiyayyen matashi yakan kasance tsakanin kashi 96 zuwa 98. Ita kuwa kalmar "awo" fuska biyu gare ta a nan. Akwai awon abin da ke fitowa daga tukunya, wanda ake lissafawa da lita a kowane minti, akwai kuma awon abin da ya shiga jini. Kusan dukkan wannan tarihi labari ne na yadda hankalin likitoci ya taso daga awo na farko ya koma ga na biyu.

2.0 Gano Iskar da Gargaɗin Farko

Mutum biyu ne suka gano oksijin, kowa bai san da aikin ɗan'uwansa ba. Carl Wilhelm Scheele, wani mai haɗa magunguna a ƙasar Suwidin, ya samo ta a farkon shekarun 1770, amma littafinsa bai fito ba sai a 1777. Joseph Priestley na Ingila ya samo ta a ranar 1 ga Agusta, 1774, ta hanyar tattara hasken rana da gilashi a kan wani jan gari na sinadarin zaiba. Bafaranshe Antoine Lavoisier shi ne ya raɗa mata suna daga kalmomin Girkanci masu ma'anar "mai haifar da tsami", domin ya ɗauka babu wani ruwan asid da ba ya ɗauke da ita. Daga baya an gane wannan zato kuskure ne, amma sunan ya riga ya zauna, kuma shi ne Hausa ta ara.

Priestley ya lura cewa kyandir yana ci da ƙarfi a cikin sabuwar iskar, ɓera kuma yana daɗewa da rai a cikinta fiye da a iskar yau da kullum. Shi da kansa ya shaƙa, ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. A rubutunsa na 1775 ya yi hasashen za ta amfani masu ciwon huhu, sa'an nan ya yi gargaɗin cewa kamar yadda kyandir ke saurin ƙarewa a cikinta, haka ƙarfin jikin mutum zai iya saurin ƙonewa. Ke nan tun daga ranar farko an ambaci amfanin tare da haɗarin.

A 1799 likita Thomas Beddoes ya buɗe wata cibiyar jinya da iskoki a birnin Bristol, inda James Watt ya ƙera masa kayan aiki, matashi Humphry Davy kuma ya riƙa gudanar da gwaje-gwaje. An jarraba oksijin a kan tarin fuka da asma da shanyewar jiki, amma ana ba da ita ne na 'yan mintoci kaɗan a yini, saboda haka ba a ga wata waraka ba. A sauran ƙarni na 19 iskar ta fi yawa a hannun 'yan damfara masu tallar maganin kowace cuta. Wasu likitocin ma ta ƙarƙashin fata suka riƙa ɗura ta, wasu ta dubura.

A ɗakunan gwaji ne aka sami ilmi mai inganci. A 1878 Paul Bert na Faransa ya nuna cewa oksijin da aka matsa ƙwarai tana jefa dabbobi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya har su mutu. A 1899 kuma James Lorrain Smith ya nuna cewa ko ba a matsa ta sosai ba, idan ƙananan dabbobi suka kwana suka yini a cikin oksijin mai yawa, huhunsu yakan kumbura ya cika da ruwa. Kafin ƙarni na 20 ya kama, an riga an san dafin oksijin a kan ƙwaƙwalwa da kuma a kan huhu.

3.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Shigar Oksijin Asibiti

Abu biyu ne suka shigar da oksijin cikin jinya ta haƙiƙa. Na farko shi ne araha. Bajamushe Carl von Linde ya gano hanyar daskarar da iska ta zama ruwa a 1895, ya kuma fara tace oksijin daga cikinta a 1902, abin da ya sa aka iya cika tukwane da yawa. Na biyu shi ne yaƙi. A ranar 22 ga Afrilu, 1915, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin mai guba a fagen daga na Ypres da ke Beljiyam, daga bisani kuma aka shigo da wata gubar mai suna fosjin. Waɗannan iskoki suna cika huhu da ruwa, soja ya mutu kamar wanda ya nutse alhali yana kan tudu.

John Scott Haldane, masanin numfashi ɗan Sikotland, yana cikin waɗanda aka tura su binciki lamarin. Ya ƙera takunkumi na ba da oksijin, a 1917 kuma ya buga wata maƙala da ta zama harsashin wannan fanni. Ya bayyana cewa ƙarancin oksijin yana lalata jiki da kansa, don haka wajibi ne a ba da ita babu yankewa muddin ƙarancin yana nan. Bai manta da aikin Lorrain Smith ba, domin ya ja hankali cewa a riƙa auna haɗarin daɗewa a kan tsantsar oksijin da haɗarin barin majinyaci cikin ƙaranci.

Matsalar ita ce babu hanyar yin wannan awo a gefen gado. Likita yana duban leɓe da farce ne, in sun yi shuɗi ya ce jini ya rasa iska. A 1919 William Stadie na Amurka ya fara ɗibar jini daga jijiya mai harbawa a jikin masu ciwon nimoniya yana aunawa, amma aikin yana da wuya da cin lokaci. A 1947 Julius Comroe da abokin aikinsa Botelho suka nuna cewa ido ba abin dogaro ba ne, domin likitoci da yawa ba sa ganin shuɗin sai ƙoshin jini ya faɗi ƙasa ƙwarai. Tun da ba a iya gane mai ƙaranci da ido, sai al'ada ta zama a buɗe wa kowa iska da yawa don gudun kuskure.

4.0 Makantar Bakwaini

Jarirai bakwaini su ne suka fara biyan kuɗin wannan al'ada. A shekarun 1940 an ƙera sababbin kwalaben renon jarirai masu rufuwa ruf, waɗanda iska ba ta zurara daga cikinsu. An kuma lura cewa numfashin bakwaini, wanda kan yi ta tsayawa yana tashi, yana daidaita idan an ƙara oksijin. Saboda haka aka riƙa ajiye su makonni a cikin iska mai oksijin fiye da kashi 50.

A 1942 likitan ido Theodore Terry na birnin Boston ya ba da labarin wani farin tabo da ya gani a bayan ƙwayar idon wani jariri bakwaini. Cikin shekara goma cutar ta zama babbar sanadin makantar yara a Amurka. An kiyasta cewa kimanin yara 10,000 ne suka makance a duniya, kuma mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950, yana cikinsu. An zargi haske, an zargi ƙarancin bitamin, an zargi ƙwayoyin cuta, amma aka daɗe ba a zargi oksijin ba, domin kowa yana ganin ita ce ke raya jariran.

Likita Kate Campbell ta birnin Melbourne a Ostireliya ita ce ta kawo hujja a 1951. Ta kwatanta ɗakin renon da ake ba da oksijin a wadace da waɗanda ake tsimin ta saboda iyaye ne ke biya. A na farko kimanin kashi 19 na jariran sun kamu, a na biyu kuwa kashi 7. A birnin Washinton, Arnall Patz ya raba jarirai gida biyu, wasu da oksijin mai yawa, wasu da kaɗan, ya buga sakamakonsa a 1952. An ruwaito cewa wasu ma'aikatan jinya sukan lallaɓa da dare su ƙara wa 'yan rukuni na biyu iska, don suna ganin hana su zalunci ne. A Landan kuma Norman Ashton ya nuna yadda abin ke faruwa a idon 'ya'yan kyanwa. Jijiyoyin jinin tantanin ido na bakwaini ba su gama tsirowa ba. Oksijin mai yawa tana tsuke su ta tsayar da girmansu, idan kuma aka fito da jariri cikin iskar sarari sai tantanin ya shiga yunwar iska, ya tsiro da jijiyoyi barkatai, su yi tabo su ɓamɓaro shi daga mazauninsa.

Wani babban gwaji da aka gudanar a asibitoci 18 na Amurka daga 1953 zuwa 1954, ƙarƙashin jagorancin Everett Kinsey, ya tabbatar da zargin. Nan da nan aka kafa ƙa'idar kada oksijin ta wuce kashi 40 a cikin kwalba, makantar kuwa ta ragu ƙwarai da gaske.

Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gwajin Kinsey bai ɗauki jariri ba sai wanda ya riga ya kwana biyu a duniya, alhali kuwa a waɗannan kwanaki biyu ne masu matsalar huhu suka fi mutuwa. A 1960 Mary Ellen Avery da Ella Oppenheimer suka ba da rahoton cewa mace-macen bakwaini masu ciwon huhu sun ƙaru tun da aka kafa ƙa'idar. An kuma ga ƙaruwar shanyewar gaɓoɓi a cikin waɗanda suka rayu. A 1973 Kenneth Cross na Ingila ya ƙiyasta cewa a madadin kowane yaro guda da aka kuɓutar daga makanta, jarirai 16 ne suka rasu. Kuskuren a fili yake. Kashi 40 awon kwalba ne, bai faɗi komai game da jinin jariri ba. Ya yi wa mai lafiyayyen huhu yawa, ya kuma yi wa mai raunin huhu kaɗan.

Ba a warware wannan ƙulli sosai ba sai bayan shekara sittin. An gudanar da gwaje-gwaje biyar a ƙasashe daban-daban, aka haɗa sakamakonsu a 2018, ya ƙunshi jarirai 4,965 waɗanda aka haifa kafin ciki ya kai mako 28. Waɗanda aka riƙe ƙoshin jininsu tsakanin kashi 85 zuwa 89 sun fi tsira daga ciwon ido, amma sun fi mutuwa, kimanin kashi 20 a kan kashi 17 na waɗanda aka riƙe tsakanin 91 zuwa 95. Wannan ne ya sa yawancin ɗakunan reno suka koma ga awo na sama, tare da duba idon jariri a kai a kai.

5.0 Masu Tsohon Ciwon Toshewar Huhu

Darasi na biyu daga manya ya zo. Akwai masu fama da toshewar hanyoyin iska na huhu, wadda shan taba ko daɗewa cikin hayaƙin girki ke haddasawa. A 1949 Kenneth Donald ya bayyana cewa idan aka ba irin waɗannan oksijin mai yawa, launinsu yakan gyaru, amma sai barci ya kwashe su, wasu su zarce cikin suma. Dalili shi ne taruwar kabondayoksaid, watau gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, wadda idan ta yi yawa takan sa jini ya yi tsami ta kuma dushe ƙwaƙwalwa. Da farko an ɗauka oksijin tana kashe musu ƙwazon numfashi ne kawai. Bincike na baya ya nuna cewa abin da ya fi tasiri shi ne tana buɗe jijiyoyin jini a sassan huhun da iska ba ta kaiwa sosai, sa'an nan tana tilasta himogulobin ya saki kabondayoksaid ɗin da yake riƙe da shi.

A 1960 Moran Campbell na Landan ya fito da takunkumin da ake kira Venturi, wanda ke gauraya oksijin da iskar ɗaki bisa ƙayyadadden awo, kamar kashi 24 ko 28. Duk da haka motocin ɗaukar majinyata sun ci gaba da buɗe iska da ƙarfi ga duk mai haki. Sai a 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a tsibirin Tasmaniya, wanda ya ƙunshi majinyata 405. Cikin waɗanda aka ba iska mai yawa a hanyar asibiti kashi 9 ne suka rasu, cikin waɗanda aka daidaita ƙoshin jininsu tsakanin 88 zuwa 92 kuwa kashi 4. Wani abin lura kuma shi ne, idan an gano an zarce awo ga irin wannan majinyaci, ba a cire takunkumi farat ɗaya, domin ƙoshin jini zai faɗi ƙasa da inda yake tun farko. Ragewa ake yi sannu a hankali ana aunawa.

6.0 Na'urorin Awo da Naƙasunsu

Duk wannan gyara bai yiwu ba sai da aka sami abin awo. Annobar shan inna da ta auka wa birnin Kofenhagen a 1952 ta tilasta likitoci neman hanyar auna iskokin jini cikin hanzari, kuma daga wannan annoba ne aka sami tushen sashen kulawa ta musamman a hannun Bjørn Ibsen. A 1956 Leland Clark ya bayyana na'urar auna oksijin a cikin jini, a 1958 John Severinghaus ya haɗa ta da ta kabondayoksaid. A 1972 injiniya Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden a Japan ya gano hanyar auna ƙoshin jini ta amfani da bugun jijiya da haske iri biyu da ke ratsa fata. Daga nan aka sami 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa, wadda ta bazu a asibitoci a shekarun 1980.

Wannan na'ura tana da naƙasu da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Tun a 1990 Amal Jubran da Martin Tobin suka nuna cewa lambar 92 ta wadatar ga farar fata, amma ga baƙar fata sai 95 ake samun irin wannan tabbaci. Ba a ba rahoton muhimmanci ba sai a watan Disamba na 2020, lokacin da Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka duba majinyatan da na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96. Da aka auna jininsu na jijiya, kashi 11.7 na baƙaƙe suna ƙasa da 88, fararen kuwa kashi 3.6. Bugu da ƙari, sanyin yatsa da faɗuwar bugun jini da jan farce duk suna rikita ta. Haka nan ba ta san ƙarancin jini ba, domin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini yana iya nuna 98 alhali himogulobin ɗin da ya rage bai isa ya ciyar da jiki ba.

7.0 Ƙa'idojin Zamani a Sashen Gaggawa

A 2008 Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idar ba da oksijin ga manya a halin gaggawa, ta sabunta ta a 2017. Jigon ƙa'idar shi ne oksijin maganin ƙarancin ƙoshin jini ce, ba ta maganin haki idan jini a ƙoshe yake. An umarci likita ya rubuta ta kamar yadda yake rubuta allura, ya faɗi iyakar ƙasa da ta sama: 94 zuwa 98 ga yawancin majinyata, 88 zuwa 92 ga waɗanda ake tsoron taruwar kabondayoksaid a jikinsu. Takwararta ta Ostireliya da Niyu Zilan ta zaɓi 92 zuwa 96 a 2015.

Hikimar iyakar sama ita ce, idan himogulobin ya ƙoshi, ƙarin iska ba ya ƙara wa jiki wani abin kirki. Abin da yake yi shi ne tsuke jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa, da haifar da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, kamar yadda Rebeca Gerschman ta yi bayani tun a 1954, da kuma sa ƙananan jakunkunan huhu su lanƙwashe. Daɗin daɗawa, majinyacin da aka cika da iska na'urarsa za ta ci gaba da nuna 100 ko da huhunsa yana lalacewa, ba za a farga ba sai dare ya yi.

Gwaje-gwaje sun biyo baya. An shafe kusan ƙarni guda ana ba duk mai bugun zuciya oksijin, amma gwajin Suwidin na 2017 a kan mutum 6,629 waɗanda jininsu a ƙoshe yake bai ga bambancin mace-mace ba. Haka gwajin Birtaniya na wannan shekarar a kan mutum 8,003 masu shanyewar ɓarin jiki bai ga amfani ba. A 2018 aka haɗa gwaje-gwaje 25 masu majinyata fiye da 16,000, aka ga mutuwa ta fi yawa a ɓangaren da aka sake wa iska.

Sai dai wannan karon an yi hattara da zarcewa ɗaya ɓangaren. Wani gwajin Faransa na 2020 a kan masu matsanancin ciwon huhu 205 an tsayar da shi kafin lokaci, bayan mutum biyar daga rukunin da aka rage wa iska sun sami mutuwar hanji. Gwajin da Danmak ta jagoranta a 2021 da majinyata 2,928, da na Birtaniya na 2025 da majinyata 16,500 waɗanda ke kan na'urar numfashi, ba su ga bambancin mace-mace tsakanin matsakaicin tsimi da awon da aka saba ba. Abin da aka fahimta shi ne akwai faffaɗan fili a tsakiya wanda babu haɗari a cikinsa, haɗarin yana bakin iyakokin biyu.

Akwai kuma lokutan da ake buɗe iska gaba ɗaya ba jira: tsayawar zuciya, mummunan rauni, da faɗuwar bugun jini, har sai an sami awo abin dogaro sa'an nan a rage. Haka wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, domin gubar kabonmonoksaid tana ruɗar na'urar yatsa ta nuna lafiya lau, kuma tsantsar oksijin tana rage lokacin fitar rabin gubar daga kimanin awa biyar zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Akasin haka, wanda ya sha maganin ciyawa na farakwat oksijin tana ƙara masa lalacewar huhu, saboda haka ba a ba shi sai ƙoshin jininsa ya faɗi ƙwarai.

8.0 Inda Iskar Take Ƙaranci

Yawancin wannan tarihi ya gudana ne a ƙasashen da oksijin ke zuwa ta bututu a jikin bango. A ƙasashe masu tasowa matsalar farko ita ce samun ta. Amma a nan ɗin ma awo ne ya zama mabuɗi. A 2008 Trevor Duke da abokan aikinsa suka nuna cewa samar da na'urar yatsa tare da injin tace oksijin a wasu asibitocin Papuwa Niyu Gini ya rage mutuwar yara masu nimoniya da kashi 35. Wani aiki makamancinsa da aka yi a asibitoci 12 na kudu maso yammacin Nijeriya ya tarar cewa kafin a kawo na'urar yatsa, yara da yawa masu ƙarancin ƙoshin jini ba sa samun iska, alhali ana ba wasu da ba sa bukatarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kashi 90 a matsayin iyakar da za a fara ba yaro oksijin, da 94 ga mai alamun gaggawa. Annobar korona ta tona asirin ƙarancin, musamman a birnin Manaus na Barazil a watan Janairu na 2021 da kuma Indiya a watannin Afrilu da Mayu na wannan shekarar. A watan Mayu na 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri kan wadata asibitoci da oksijin.

9.0 Kammalawa

An ga yadda gargaɗin Priestley na 1775 da na Haldane na 1917 suka daɗe ba a yi aiki da su ba, saboda babu abin awo a gefen gado. An ga yadda yawan iska ya makantar da dubban jarirai, da yadda ƙa'idar kashi 40 da aka kafa cikin gaggawa ta yi sanadin mutuwar wasu. An kuma ga cewa na'urar da ta kawo gyara tana ƙara wa baƙar fata lamba, don haka likitan da ke jinyar baƙar fata yana bukatar barin tazara da duban majinyacin kansa. A asibitin da tukunya ɗaya ce ke hidimar ɗaki guda, awo yana kare wanda aka sanya wa takunkumi daga dafi, yana kuma adana iska ga na gadon kusa. Tambayar da ta kamaci ma'aikacin jinya da ɗan jinya a yau ita ce nawa ne ƙoshin jinin majinyaci, kuma tsakanin waɗanne lambobi biyu likita ya ce a riƙe shi.